"Ai zomo ne kawai"

Ranar da Toka, zomanyar gidanmu, ta mutu, kafin a sha ruwa mutum huɗu suka faɗa wa autata magana iri ɗaya. Maƙwabciyarmu ta faɗa, ƙanena ya faɗa, gwaggonta ta faɗa ta waya, har ɗan ga-ruwan da ke kawo mana ruwa ya sa baki. "Haba, ai zomo ne kawai!" Ƙanen nawa ya ƙara da cewa da an lura da wuri an sa mata wuƙa, da an sami na farfesun buɗa-baki. Babu wanda ya yi maganar da mugunta a cikinsu, na san haka. Lallashi suke yi irin wanda suka iya. Amma na ga abin da lallashin ya yi wa yarinyar. Ta haɗiye kukan, ta goge fuska da gefen hijabi, ta shige ɗaki. Da daddare, bayan na dawo daga asham, na same ta kwance ta juya wa ƙofa baya, kafaɗunta na rawa. Na zauna a bakin katifa. Ba ta juyo ba ta ce, "Baba, laifi ne in yi kuka?"

Wannan tambayar ce ta hana ni yin shiru. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta rasa abin da ta yi shekara shida tana ciyarwa da hannunta, kuma a wuni ɗaya manyan da ke kewaye da ita sun koya mata cewa baƙin cikinta abin kunya ne. A nan muna kuskure, mu Hausawa, kuskuren da muka gada ba mu taɓa juya shi mun duba ba, kuma ba addininmu ne ya koya mana shi ba.

Bari in fara da ita Tokar, don wanda bai san ta ba zai ɗauka duk zomaye ɗaya ne. A 2018 na sayo ta wurin wani yaro a unguwarmu a Zariya. Ba ta cika tafin hannuna biyu ba, launinta kamar tokar murhu, sai ɗan ɗigon fari a goshi. Autar ce ta raɗa mata suna, lokacin tana shekara biyar. Mahaifiyata, wadda muke zaune tare, ita ta nuna yadda za a yi mata ɗaki. Aka kwaɓa ƙasa aka ja 'yar katanga a kusurwar tsakar gida, a gindin gwaiba, aka rufe rabi da itace da tsohon asabari, ƙasan kuma aka bar shi yadda yake. Cikin mako biyu Toka ta haƙa ramin da hannuna ba ya kai ƙarshensa. Na so in toshe, Inna ta hana. Ta ce ramin shi ne ɗakinta, abin da muka gina zaure ne.

Sabo da zomo ba ya zuwa da sauri. Kare zai bi ka ranar da ka jefa masa ƙashi. Zomo kuwa kusan komai a duniya na iya cinye shi, shaho daga sama, muzuru daga kan katanga, maciji daga cikin rami, kuma ya san haka tun daga haihuwa. Idanunsa a gefen kai suke, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi ba sai ya juya ba, ko barci yakan yi ido a buɗe, har Bahaushe ya mayar da barcin zomo abin misali. Wata uku Toka ba ta yarda hannu ya taɓa ta ba. Yarinyar takan zauna a ƙasa da ganyen karas a hannu, ba motsi, har ƙafarta ta sage. Yarinyar da ba ta iya zaman minti biyar a gaban allo, sai ga ta tana zaman rabin awa saboda zomanya, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ɗaga mata bulala.

Ranar da na fara ganin Toka ta faɗi ta gefe guda, ta miƙe ƙafafu, ta rufe ido ruf tana jingine da ƙafar yarinyar, gabana ya faɗi. Na zaci ta mutu. Ashe barci take yi, barci na gaske. Daga baya na gane zomo ba ya irin wannan kwanciya sai inda ya tabbata babu abin da zai same shi. Dabbar da aka halitta da tsoro ta ajiye tsoronta a gindin ƙafar 'yar shekara biyar. Har yau in na tuna yadda yarinyar ta ɗago kai ta dube ni, ta sa yatsa a baki alamar kada in yi motsi, sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

Ni kuwa sabonmu na asuba ne. Zomo ya fi kuzari da sassafe da kuma gab da magariba, tsakar rana kwanciya yake. In na dawo daga masallaci nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi karatu kafin gari ya waye sosai. Sai in ji ƙaramin motsi. Ta fito, ta zagaya ni sau biyu, ta je ta goga haɓarta a takalmina. A ƙarƙashin haɓar zomo akwai wani abu mai fitar da ƙamshin da mu ba ma ji, da shi yake sa wa kayansa alama, wato takalmina nata ne ke nan. Sannan ta zo ta tura hancinta ƙarƙashin hannuna har sai na shafa mata goshi. In ta ji daɗi sai ka ji haƙoranta na ɗan kaɗawa a hankali, ƙus-ƙus, kamar mai tauna gero. In na shagala da karatu na ƙyale ta, ta koma gefen tabarmar ta hau gaigaya. Shekara shida, ta cinye kusurwa guda sarai.

Sau biyu muka aro mata namiji ta haihu. Kwana talatin da ɗaya ne cikin zomo. Ana gobe za ta haihu muka ga tana tsige gashin ƙirjinta da baki tana kai wa rami, uwargida ta ce wata cuta ce ta kama ta, Inna ta yi dariya ta ce shimfiɗa take yi wa baƙi. 'Ya'yan suka zo tsirara, ido rufe, kamar jinjiran ɓera, sai da suka yi kwana goma suka buɗe ido. Muka tayar da hankali don ba ma ganinta tana shiga wurinsu, ashe zomanya sau ɗaya ko biyu take shayarwa a wuni, na 'yan mintuna, galibi cikin dare, sannan ta toshe bakin ramin da ƙasa ta yi nisa don kada ta ja hankalin mai farauta zuwa gare su. A wannan haihuwar ce wani dare muka ji dukan ƙasa, dum, dum, da ƙafarta ta baya. Na fito da tocila, sai ga gafiya a bakin katangar.

A ƙarshen 2023 muka yi wa tsakar gida daɓen siminti. Ɗakin ƙasa ya zama kamar tabo a wuri mai tsabta, sai na sa kafinta ya yi mata keji na waya mai ƙafafu, da rufin kwano. Na yi murna da shi, ina ganin na ɗaga darajarta. Inna ta kalli kejin ta ce, "To, ina za ta shiga in rana ta yi?" Na ce ai akwai inuwa. A hunturu babu abin da ya faru. Sai azumin 2024 ya zo a tsakiyar bazara, bazarar da ba wanda ya manta da ita, wadda a ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Mu a Zariya ba mu kai nan ba, amma kwanon ɗaki yakan yi zafin da ba ka iya ɗora masa hannu, ga wuta ba ta zama. A wannan makon, wata rana bayan azahar, yarinyar ta dawo daga makaranta ta tarar da Toka a miƙe, numfashi sama-sama, hanci a jiƙe, kunnuwa sun yi ja zur suna zafi. Inuwar gwaibar da na dogara da ita tana barin wurin tun kafin sha biyu, ni kuma ban taɓa tsayawa da rana na duba ba. Muka ɗauke ta muka kwantar a gindin randa, muna shafa mata ruwa a kunne. Ba ta kai la'asar ba.

Ni na kashe ta, da kyakkyawar niyya da rashin sani. Ajali ne, na yarda, kowane rai da lokacinsa. Amma ajali ba ya ɗauke wa mai sakaci alhakinsa, kuma zan dawo kan wannan.

A daren nan da ta tambaye ni ko laifi ne ta yi kuka, na ba ta labarin da kowane ɗalibin hadisi ya sani. Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da ƙaramin ƙane da ake wa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Bukhari da Muslim duk sun kawo cewa in Annabi ya zo gidansu yakan ce masa, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" A ruwayar Abu Dawud an bayyana cewa tsuntsun ya mutu, Annabi ya shigo ya ga yaron cikin damuwa, ya tambayi abin da ya same shi, aka ce tsuntsunsa ne ya mutu, shi ne ya yi masa wannan magana. A duba mutumin da ke ɗauke da al'umma guda a kafaɗarsa, ga wahayi, ga yaƙi, ga shari'a, amma ya lura da fuskar ƙaramin yaro ta canza, ya tsaya ya tambayi dalili, ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya yi masa zancen tsuntsun da sakin fuska. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Malaman da suka gabata ba su raina wannan hadisi ba, har wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'ida sittin daga cikinsa. Mu da muke karanta shi a makarantun Islamiyya, wace fa'ida muka kawo gida?

Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Ke nan shi ma ya yi kuka?" Na ce an dai ce ya yi baƙin ciki, kuma ba a hana shi ba. Sai ta juyo ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ta riƙe tun rana. Kakanninmu sun ce sabo ake wa kuka. Ba su ce sai sabo da ɗan Adam ba.

Abin da ya sa maganar ta dame ni haka, ni ma an taɓa yi mini. Ina aji huɗu na firamare ina da wani farin zomo da kawuna ya ba ni. Ni ke yawo bakin lambu ina roƙon ganyen latas da na dankali, ni ke tsinto masa harawa. Wata Alhamis na dawo daga makaranta na ji gida na ƙamshi. Baƙo ne ya zo wa mahaifina daga nesa ba zato, babu kaza a gida, aka kama abin da ke kusa. Fatar na gani a shanye a kan danga. Da na fashe da kuka aka ce namiji ba ya kuka, aka ce in yi murna zomona ya fitar da gida kunya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tausayi, kuma karrama baƙo abu ne mai kyau, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Amma na san abin da na koya ranar. Na koyi cewa in ka so abu, ka ɓoye, don son zai zama abin dariya. Bayan shekara biyu ina cikin yaran da ke ɗaure wa ƙadangare igiya a wuya suna ja, kuma ban ji komai ba.

Kusan kowane gida a ƙasar Hausa akwai irin wannan labari. Muna ba yaro kiwo, kuma al'ada ce mai kyau ƙwarai: kaza daga kaka, ɗan akuya daga gwaggo, tantabaru, zomaye. Muna cewa don ya koyi tattali ne. To amma yaro ba ya kiwo da lissafi, da zuciya yake yi. Yana raɗa wa dabbar suna, yana yi mata magana, yana rage mata abincinsa. Ranar da muka ga dama sai mu sayar ko mu yanka ba tare da ko sanar da shi ba, in ya yi kuka mu ce ya cika sakarci. Tausayin da ya tsiro da kansa, wanda ba mu biya ko sisi ba, mu muke tsige shi da hannunmu. Bayan shekara goma kuma mu zauna a majalisa muna tambayar me ya sa matasan yanzu ba su da imani, me ya sa ake jifan kare har ya mutu ana shewa, me ya sa ake loda wa jaki kaya ana dukansa a kan gyambo.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa. Wani abokina ya ce, "Malam, ana sace mutane a hanya, ana kashe manoma a gonakinsu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanci ba ya iya sayen kwanon masara, kai kuma kana zancen zomo?" Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Ran mutum ɗaya ya fi duk zomayen duniya. Sai dai tausayi ba kwanon awo ba ne, da in ka zuba wa zomo sai na mutum ya ragu. Abin da na gani da idona akasin haka ne. Yarinyar da ta koyi lura da cewa Toka ba ta taɓa abincinta ba yau, ita ce ta fara lura ranar da kakarta ta rage cin tuwo, tun kafin mu manya mu ankara. Ido ɗaya ne, an horar da shi a kan ƙaramin abu. Kuma wanda zai iya kallon ɗan Adam ya harbe shi saboda kuɗin fansa, a wani wuri ya fara koyon kallon rai a matsayin ba komai ba.

Wasu kuma suka ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai masu yi wa dabbobinsu inshorar lafiya, akwai maƙabartun karnuka da kyanwoyi, kuma ba wannan nake kira a yi ba. Ba na bukatar in ara daga wurinsu. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya ce babu wata dabba a ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa, face al'ummomi ne irinmu. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. An ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da huffinsa, har sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka ce musu a kan duk mai ɗanyar hanta akwai lada. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi. Waɗannan namu ne, tun kafin mu san akwai wata ƙasa wai ita Ingila.

Kada kuma a ɗauka ina haramta nama. Zomo halal ne. Anas ya ba da labarin zomon da suka kora a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi da cinyoyinsa, ya karɓa. Namansa fari ne mara kitse, kuma a wannan tsadar, kiwon zomo na iya rufa wa gida asiri fiye da kiwon kaza, tunda ganye da harawa ne yawancin cimarsa. Mai kiwo don kasuwa ya yi, Allah ya sa albarka. Ragon layya ma yara kan saba da shi, kuma dole a yanka. Amma akwai hanyar yi. Wani mutum ya ce wa Annabi yakan yanka akuya yana jin tausayinta, aka amsa masa cewa ko akuya ce in ka ji tausayinta Allah zai ji tausayinka. Ba a ce ya daina yanka ba, ba a kuma ce ya daina tausayi ba. Abin da nake roƙon iyaye ƙarami ne. Tun ranar da za a ba yaro dabba a gaya masa gaskiya, wannan ta sayarwa ce, wannan ta Sallah ce, wannan taka ce. Wadda aka ce tasa ce, kada a taɓa ta sai da saninsa. In ta mutu a yi masa jaje kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi rashi, ko da "sannu, Allah ya mayar da alheri" ne.

Na ce zan dawo kan alhakina. So ba ya isa in babu sani, kuma yawancin zomayen da ke mutuwa a gidajenmu ba ƙiyayya ke kashe su ba. Ina ganin har karin maganarmu na da hannu a ruɗin. Zomon da ba ya kamuwa daga zaune, zomon da ba bawan giwa ba ne dajinsu ɗaya, zomon da ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, duk zomon daji ne, ɗan ƙasar nan, mai dogayen ƙafafu, wanda ake haifa da gashinsa ido buɗe, yana kwana a fili cikin ciyawa. Zomon gida wata halitta ce daban, ko barbara ba sa yi da juna. Asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, kuma a can ma cikin rami yake wuni. Ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala. Mu kuma da yake suna ɗaya muke kiransu, sai muke zaton mai jure rana ne kamar ɗan'uwansa na daji. Ramin da Inna ta hana ni toshewa shi ya raya Toka bazara biyar. Tsohuwar ba ta san digiri ba, amma ta san zomo.

Sauran kurakuran ma a gabanmu ake yin su kullum. Ana ɗaga zomo ta kunne, alhali kunnen cike yake da jijiyoyin jini, in ya yi fizga kuma ƙashin bayansa na iya karyewa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, haka ake ɗaukarsa. Ana cika masa kwano da dusa zalla, alhali haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, sai da taunar ciyawa da harawa suke gogewa, hanjinsa ma da su yake tafiya. Ana cewa ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, wannan ba gaskiya ba ne. In kunnensa ya yi ƙazuwa a shafa masa baƙin mai, ya lashe ya mutu, alhali allura ce ƙarama wurin likitan dabbobi. In ya yi zawo a fasa masa kafson Ampiclox a ruwa kamar yadda ake yi wa kaji, ba a san irin wannan magani ta baki yana kashe ƙwayoyin da hanjin zomo ke narka abinci da su ba. Zomon da ya wuni bai ci ba yana cikin haɗari, ba a jira gobe.

Ga kuma annobar da masu kiwo da yawa ba su ma ji sunanta ba, cutar zubar jinin zomaye. A Sin aka fara ganinta a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, a 2020 aka tabbatar da shigowarta Nijeriya bayan ta yi ɓarna a gonakin zomaye a Kwara da Oyo. Zomo na lafiya da safe, da yamma a tarar da shi a mace, wani lokaci da jini a hanci. Ba ta kama mutum, amma mutum na ɗaukar ta a takalmi da tufa da buhun abinci ya kai wani gida. Wanda ya sayo sabon zomo ya ware shi mako biyu kafin ya haɗa da na gida, wanda nasa suka fara faɗuwa ya binne gawar da zurfi, kada ya jefa a bola.

Duk wannan sani yana nan kusa da mu. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga ƙofar gidana ba. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi yana Samaru. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana aiki tun 1924. Shekara shida ban taka ko ɗaya na yi tambaya ba, don a raina ina jin kunyar a ga babban mutum ya ɗauko zomo zuwa asibiti. Wannan kunyar da "ai zomo ne kawai" uwarsu ɗaya. Tunda a 2024 an kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo, ina fata in ana zancen shanu da madara a tuna da ƙananan dabbobin da ke hannun mata da yara. Minti goma a rediyo da Hausa, a farkon bazara, a ce wa mutane su sauke keji daga ƙarƙashin kwano su ajiye ruwa, zai ceci dabbobi masu yawa. Malaman Islamiyya kuma, in an zo hadisin Abu Umair, a tambayi yaran wa ke da dabba a gida, a bar su su yi magana.

Washegari da safe Inna ce ta fara fitowa. Ta leƙa ɗakin yarinyar ta ce, "Kishiya, taso mu kai baƙuwarki ɗakinta." Na ɗauko diga na fasa simintin kusurwar nan ta gindin gwaiba, daidai inda ramin yake a da. Yarinyar ta naɗe Toka a tsohon ɗankwalinta, ta sa ta da kanta, ta tura ƙasa da hannu. Ba mu yi wani abu da ya wuce haka ba. Ƙanena ya shigo ana cikin yi, ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai, sannan ya ce, "Sannu, 'yata. Jiya ban kyauta ba."

Ban mayar da simintin ba. Da damina ta sauka na sa aka sake jan 'yar katangar ƙasa a gefen wurin, aka rufe rabi da asabari. Har yanzu babu kowa a ciki. Yaron da na sayi Toka a wurinsa ya girma, yana da zomaye fiye da talatin, ya ce duk ranar da muke so mu zo mu zaɓa. Na gaya wa yarinyar, ta ce tukuna.

Kwanan baya uwargida tana kwashe tsofaffin kaya ta fito da tabarmar nan mai cinyayyar kusurwa za ta ba almajiri. Yarinyar ta karɓe ta naɗe ta kai ɗakinta. A kanta take sallah yanzu.